Bugun da ke Ƙarƙashin Kujerar Yaya

Litinin, 3 ga Yuni

Yau na fara musu darasin sauraro. Ɗalibai goma sha huɗu, inji ɗaya a kan benci, dogon sukundireba ɗaya. Ka ɗora bakinsa a jikin inji, ka manna ƙotar a kunne, ka rufe ido. Na ce musu inji ba ya mutuwa sai ya yi magana tukuna, sai dai yawancin direbobi rediyo suke ƙara wa murya.

Kafin su shigo na sassauta tafet guda, wani ɗan ƙarfe a saman inji, da gangan. Sha uku suka zagaya suna cewa ƙara ce dai, Malam. Guduma ya sa kunne, bai yi numfashi uku ba ya ɗora yatsa daidai wurin. Na tafa masa har na ji kunyar kaina.

Shekararsa ashirin da ɗaya, ga tabon sara a goshi. Wata bakwai da suka wuce a bakin titi yake wuni da sarƙar babur a aljihu. Mahaifiyarsa ce ta kawo shi cibiyar koyon sana'ar nan, riƙe da hannun rigarsa kamar ɗan yaye. Shugaba ya karɓe shi a kan dokar da ke kan kowa: duk wanda ya ɗaga hannu ya daki wani a harabar nan, ko me aka yi masa, ya tafi ke nan. Saura sati huɗu jarrabawa. In ya samu takardar, akwai babban garejin da ya ce zai ɗauke shi. In bai samu ba, titin yana nan inda ya bar shi.

Ina so ya kai. Ya fi ƙarfin so ma.

Laraba, 5 ga Yuni

Ƙara uku muka yi yau. Ta tafet daga sama take, siririya, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki, ba ta kashe kowa. Ta fistin da sanyin safiya take zuwa, inji na ɗumi ta ɓace. Ta uku daga can ƙasa, mai nauyi, kamar ana buga ƙofa da gwiwar hannu. Wannan metal ne ya cinye, ƙarfen nan mai santsi da kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ke juyawa a kansa. Ita sai mai ya yi zafi ya tsinke take fitowa. Ka cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda ka cire bugun ya yi shiru, nan ciwon yake. Na ce in kun ji ta, ku kashe mota ko da a tsakiyar gada ne.

Wani ya ce to cikinsa da ke ƙugi tun safe fa, wace waya za a cire? Guduma ya ce ta bakinsa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Yaya ya kira. Bas ɗinsa na wata 'yar ƙara. Ma'aikatan masana'anta yake kaiwa safe da yamma, ya ce in ya tsaya kwana uku za a ba wani aikin, saboda haka kada in zo masa da dogon turanci. Na ce ya kawo ta Litinin da sassafe, yara ma su ƙaru.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Shi ya kai ni makaranta har na zama abin da na zama, da tuƙi, da rashin barci. Da fanbel kuma. Har yau akwai layi biyu a bayana. Shekarata talatin da takwas, in ya ce "Auta" a waya sai na miƙe tsaye.

Litinin, 10 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya zo bakwai da rabi, gidansa ba nisa, injin da sanyinsa. Muka ɗaga kujerar gaba, don injin bas ɗin a ƙarƙashinta yake. Na ɗauko na'urar sauraro ta kwaleji, mai igiya biyu irin ta likita, na bi sama, na bi ƙasa. Cak-cak kawai. Na juya na yi wa yara bayani da fara'ata: tafet ne, aikin minti ashirin, ba gaggawa. Yaya ya ce ai ya sani. Ya bar ta a kunne ya fita bakin ƙofa shan shayi.

Guduma ya zaro ma'aunin mai. Man bai ɗiga ba, ja ya yi kamar zuma. Ya shinshina, ya miƙo mini. Warin man giya, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. An haɗa shi da baƙin mai don ya yi kauri ya toshe bakin ƙara. Dabarar masu sayar da mataccen inji. Ni da na yi shekara uku a kwaleji ban ko taɓa ma'aunin ba.

Muka tsaya. Minti goma sha biyar, allurar zafi ta hau. Guduma ya taɓa totur ya saki, sai ga ta daga ƙasa, dum-dum-dum. Ya sa filaya ya zare wayar fulogi ta biyu. Shiru. Ya mayar. Dum-dum-dum. Ajin gaba ɗaya ya ji. Ni ma na ji, har cikin haƙorana.

A nan Yaya ya dawo ya same shi da waya a hannu. Guduma ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah kada motar nan ta ɗauki mutane yau. Metal ne na biyu. Kuma man giyan da aka zuba ba magani ba ne."

Ban ga tashin hannun Yaya ba, ƙarar na ji. Tafin hannu buɗe, daidai kan kunnen hagu. Guduma ya bugu da ƙofar bas, ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Yaya ya ƙara masa da ƙafa a haƙarƙari, yana cewa ɗan titi ne zai koya masa mota, shi da ya fara tuƙi uwarsa ba ta san za ta haife shi ba. Filayar tana hannun yaron. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Sai ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya tura ta da ƙafa can ƙarƙashin benci, ya haɗa hannayensa a baya.

Yaya ya juyo gare ni, idonsa jawur. "Auta, kai ne malamin ko shi? Me ke damun motata?"

Na ce tafet ne, Yaya.

Na rubuta shi a nan don kada gobe in ce ba haka aka yi ba.

Talata, 11 ga Yuni

Guduma ya zo aji da auduga a kunne, ta yi ja ta bushe. Ya gaishe ni kamar kullum, sai dai allon bayana yake kallo. Na kai shi asibiti da rana. Fatar cikin kunnen ta fashe. Likita ta ce wataƙila ta haɗe, wataƙila ba duka ba. Ta tambayi wa ya yi, ya ce ƙofar mota ce.

Laraba, 12 ga Yuni

Na kira Yaya don in faɗa masa gaskiya. Na kai "game da injin nan" sai ya ce, kai ma ka fara? Na tambayi lafiyar yara.

Juma'a, 14 ga Yuni

Ta buga.

Kwandastansa ne ya ba ni labari, leɓensa a fashe. Da yamma, mutum goma sha takwas a ciki, suna kan hawa. Ya ce tun daga ƙasan tudun bugun ya fi ƙarfin rediyo, Yaya ya ƙara taka mata. Sai wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin tukunya. Kwanrod ya karye, ya fasa bangon inji ya fito. Tafasasshen mai ya yi feshi ta ƙarƙashin kujera, ya wanke ƙafar mutumin da ke gaba daga gwiwa zuwa idon sawu. Hayaƙi ya cika mota, aka fasa tagogi da gwiwar hannu, aka tattake wata mata a bakin ƙofa. Da suka ga fatar ƙafar abokin aikinsu ta saluɓe tare da wando, suka jawo Yaya ta taga. Takalmi, dutse, ƙarfen jak. Kwandasta ya ce in ba don wani mai babbar mota ya tsaya ba, da gawa za a kawo mana.

Ba wanda ya mutu. Ina ta maimaita wa kaina wannan.

Asabar, 15 ga Yuni

Na je duba shi. Ido ɗaya a rufe, ɗinki bakwai a kai. Matarsa ta ja yara ɗaki tun kafin in zauna.

Ya ce yaron ne. Wai wata biyu motar na 'yar ƙararta lafiya lau, sai da ɗan iskan nan ya sa hannu a injin ta buga a kwana huɗu, ya kwance wani abu ne don ya rama marin. Na ce ai marin bayan ya taɓa injin aka yi. Kujerar roba ya ɗauka ya maka da bango, ƙafarta ta wuce ta gefen fuskata. Ya ce sai ya karya hannun da ya taɓa masa mota, kowane yatsa daban.

Na tsince guntayen kujerar kafin in fito. Me ya sa na tsince?

Lahadi, 16 ga Yuni

Mahaifiyar Guduma ta zo gida da hantsi, ta ƙi zama. Tsofaffin abokansa sun ji labarin kunnen, tun jiya suke zarya a ƙofar gidansu. Sun ce ya nuna musu gidan direban kawai, sauran nasu ne. Ya ce musu a'a, sau biyu. Ta ce, "Malam, ni na san ɗana. A'arsa ba ta kai uku."

Maiɗakina ta jira sai da matar ta tafi. Sannan ta tambaye ni, tana ninke kaya, ko ni na ji bugun ranar. Na ce na ji. Ta ci gaba da ninki.

Litinin, 17 ga Yuni

Na samu Shugaba. Na roƙa a jawo bas ɗin cibiya gobe, a buɗe injin a gaban Yaya da ɗalibai. Ƙarfe ba ya ƙarya: ɓarnar wata biyu daban take da ta kwana huɗu. Na yi imani in Yaya ya gani da idonsa zai sauko. Shugaba ya yarda, amma ya kira Guduma ya maimaita masa dokar a gabana. Ko yatsa ya ɗaga, ba jarrabawa.

Guduma ya juyo da kunnen dama don ya ji sosai. Haka yake yi yanzu.

Talata, 18 ga Yuni

Da hagu nake rubutu. Gobe.

Alhamis, 20 ga Yuni

Rubutun kamar tafiyar kaza, amma dole in sauke shi.

Ranar Talatar, an jawo bas ɗin ƙarfe tara. Yaya ya zo da mutum biyu daga tasha, manya, ba su gaisa da kowa ba. A waje kuma, bayan ƙofar ƙarfe, samari shida sun jingina da katanga, hannayensu cikin riga. Mai gadi ya sa kwaɗo.

Na kwance kaskon mai na ƙasan injin da kaina. Na zuba abin da ya rage a farin faranti, na kai shi hasken rana. Man yana ƙyalli da garin ƙarfe kamar an barbaɗa masa zinariya. Na ciro metal na biyu, ya sirance kamar fatar albasa. Wurin da yake zama ya ƙone ya yi shuɗi. Na nuna musu notocin, kowanne a ɗaure, da tsohuwar dauɗa a kansu wadda sifana bai taɓa ba. Na yi bayani a hankali kamar a aji. Na ce wannan cin na sati da sati ne, man giya ya ɓoye ƙarar amma ya hana mai shiga inda ake bukatarsa. Sannan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar Litinin ɗin can: yaron ya yi gaskiya, ni ma na ji, tsoro ne ya sa na ce tafet.

Ɗaya daga cikin mutanen tashar ya shinshina farantin, ya dubi Yaya, ya ce, "Kai ka zuba wannan?" Wani ɗalibi ya yi 'yar dariya. Ƙarama ce ƙwarai.

Na ɗauka hujja tana kwantar da mutum. Shekara goma sha biyu ina koyar da haka.

Yaya ya fizgi tsohon fanbel daga ƙusa. Bulalar farko ta samu Guduma a wuya, ta biyu a fuska, ta tsaga masa gira. Guduma ya juya ya kama bakin benci da hannu biyu, ya ƙanƙame. Ta uku, ta huɗu, riga ta yage. Na waje suka fara dukan ƙofa da ƙafa, sarƙa na ƙara a jikin ƙarfe, suna kiran sunansa, suna cewa ya tashi, ya tashi mana. Ta biyar. Jini na sauka a kan benci, ɗis, ɗis. Yaya ya jefar da bel ɗin ya ɗauki sifanan taya, ya nufi yatsun da ke kan benci. Na ga hannun dama na Guduma ya saki katakon. Ya dunƙule.

Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ga kaina a tsakaninsu. Na naushi Yaya a baki da duk shekarun da nake da su. Na ji wani abu ya ɓalle, nasa da nawa lokaci guda. Ya faɗi zaune cikin farantin man. Na bi shi ƙasa. Sun ce sau huɗu na ƙara, ni biyu nake tunawa. Mutanensa suka ɗaga ni suka haɗa ni da jikin bas, ɗaya ya sa mini gwiwa a ciki har na amayar da shayin safe, ɗayan yana dukan ƙeyata. Shugaba na busa usur kamar a filin ƙwallo.

Abin da na gani daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafu: Guduma ya mayar da hannun kan benci. Yana kuka, bakinsa a buɗe, amma hannu biyu a kan katako. Daga baya ya je bakin ƙofa da jininsa, ya yi wa na waje magana ta tsakanin ƙarafa. Ban san me ya ce ba. Sun tafi.

Yatsuna biyu sun karye. Haƙoran Yaya biyu. Da ake fita da shi ya tsaya a kaina, jini na bin gemunsa, ya ce, "Ni, Auta?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Asabar, 22 ga Yuni

Na je duba mai ƙonuwar ƙafa. Bai san ni ba. Na ce ni ne makaniken da ya ce motar lafiyarta ƙalau. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in miƙo masa ruwa.

Litinin, 24 ga Yuni

Kwamiti ya zauna. Mutanen tasha sun ce yaron ne ya fara, kuma da tabon goshinsa da samarin bakin ƙofa, an so a yarda. Na miƙa hannuna mai filasta a kan tebur na ce su duba nasa. Ba ko ƙwarzane a gaɓoɓin yatsunsa. Ɗalibai goma sha uku suka shaida.

Shugaba ya ce doka ba ta ce ɗalibi ba, cewa ta yi duk wanda. Ni na taya shi rubuta ta, na sani. An dakatar da ni wata shida, sannan a duba. Guduma zai zauna jarrabawa.

Na kwashe littattafaina da hannu ɗaya. Na bar musu na'urar sauraron a aljihun tebur.

Litinin, 1 ga Yuli

Jarrabawa. Ba ni da izinin shiga, na zauna a kan dakalin mai faci a tsallaken titi, ina jin injin gwaji na tashi yana mutuwa. Guduma ya fito ƙarfe ɗaya. Kunnen hagu har yanzu kamar an cusa masa ruwa, ya ce, shi ya sa ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunne, ta nan ma ana ji. An sa musu laifi uku a injin, ya samo huɗu. Na huɗun masu jarrabawar ma ba su san da shi ba.

Na rungume shi a tsakiyar titi, filasta da komai.

Alhamis, 18 ga Yuli

An cire filasta shekaranjiya. Guduma ya fara aiki ranar Litinin, ya zo nuna mini rigar garejin, har da aljihun biro. Muka zauna a ƙofar gida. Ya ce Yaya ya samu tuƙin motar wani. Ni bai kira ni ba, ban kira shi ba.

Da zai tafi ya tsaya yana kallon hannuna. Ya ce, "Malam, in faɗi wata magana? Dukan mutum, karon farko ne mai wuya. Na biyu ba ya wuya ko kaɗan. Shi za ka ji wa tsoro." Na yi dariya na ce yau kuma ɗalibi ke ba da darasi. Bai yi dariya ba.

Barci nake yi sosai kwanakin nan, rabon da in yi irinsa tun ina yaro. Ina nadama, tabbas ina yi. In na tuna lokacin da hannuna ya sauka, nadamar nake nema, kuma yawanci ina samunta.

Da yamma na je sayo wa ƙaramar 'yata maganin tari. Wani mai babur ya goge ni da madubi, ya juyo ya zage ni a kan laifinsa. Ban san lokacin da na taka zuwa gabansa ba. Shi ne ya fara sauke ido, ya ja babur ɗinsa. Sai da na iso gida na ga kwalin maganin ya lanƙwashe a tafina, maiɗakina ta karɓa ta dube shi, ta dube ni.

Ba wani abu ba ne. Likita ma ta ce in riƙa dunƙule hannun.